Rabin Juyin Sukuru

Wata uku bayan rasuwar Yaya, ɗansa ya kira ni a waya ya ce za su tashi daga gidan. Akawu muke ce masa tun yana ƙarami, don yaro ne da in ya taɓa abu mai maiƙo sai ya zagaye gida yana neman sabulu. Allah kuwa ya cika masa burinsa, yanzu a ofis yake zaune yana danna kwamfuta. Ya ce mahaifiyarsa za ta koma wurinsa, gidan kuma za a zuba 'yan haya ƙarshen wata. Kayan ɗaki duk sun san yadda za su yi da su. Abin da ya tsaya musu shi ne ɗakin aikin Yaya, musamman injin huda ƙarfe.

"Baffa, na saka hotonsa a intanet," in ji shi. "Mutane sun fara tambaya, ni kuma ban san komai a kansa ba. Ko za ka zo ranar Asabar ka tsaya mini?"

Na ce zan zo. Da na ajiye wayar na daɗe zaune a bakin rumfata ina kallon motoci, raina a ɓace.

Injin nan ya girme ni. Mahaifinmu ne ya saye shi na hannu, a wata masana'anta da ta rufe kafin a haife ni. Zubin ƙarfe ne daga sama har ƙasa, maza biyu ba sa ɗaga shi sai da nishi, kuma yana zaune a kan teburin katako an ɗaure gindinsa da noti huɗu. A bayansa akwai moton lantarki, bel ya taso daga nan yana juya sandar da ke riƙe tsinken huji. Ka ja hannunsa, tsinke ya sauko a natse ya shige ƙarfe, ɓarɓashi na fitowa a nannaɗe. Fentinsa kore ne a da, yanzu ba ka ganin koren sai a lungunan da hannu ba ya kaiwa. Na zamanin nan da ake sayarwa a kwali, in ka matsa musu kaɗan sai su hau ihu su ɗau zafi. Wannan ƙararsa ɗaya ce, ko katako ka ba shi ko ƙarfe mai kaurin yatsa.

Shekara ashirin da biyu na yi ina aiki a kansa tare da Yaya. Sakatar ƙofa, ƙafafun baro, gyaran injin markaɗe, duk abin da aka kawo. Daga baya muka rabu, ba da faɗa ba, ɗakin ne kawai ya yi wa manya biyu kaɗan. Na kafa rumfa a bakin titi, na sayi injin huda na hannu, irin wanda sai ka danne shi da ƙirji, ramin kuma ya fita inda ya ga dama. Duk aikin da ke son rami madaidaici sai in ɗauko shi in taho gidan Yaya. Bai taɓa hana ni ba, bai kuma taɓa fasa ce mini "Auta, in ka gama ka share wurin" ba, har na yi furfura.

Ina son injin nan. In faɗi gaskiya, tun ranar da muka dawo daga binne Yaya nake tunaninsa. Na ji kunyar kaina a kan haka, amma ban daina ba. Matsalar ita ce ni ban iya roƙo ba, ban taɓa iyawa ba. Kuɗin da Akawu ya rubuta a ƙarƙashin hoton kuma ya fi ƙarfina, kuma ko da ina da su, ban ga kaina ina ciniki da yaron da na goya a kafaɗa ba, a kan abin da ubana ya saya. A ganina, in dai akwai mai hankali a gidan, bai kamata sai na buɗe baki ba.

Ranar Asabar da hantsi na isa. Matar Yaya ta tare ni a tsakar gida, tsakanin kwalaye da katifun da aka naɗe. Ta rame. Ta zuba mini shayi ta ce, "Auta, ka ga yadda gida ya koma." Ita kaɗai ta rage a duniya da ke kirana da wannan suna.

Ɗakin aikin yana nan yadda Yaya ya bar shi. Sifanu a jere a bango, kowace a kan ƙusarta, gwangwanayen madara cike da noti, tsohuwar rediyonsa da aka ɗaure da roba. Tabaraunsa ma yana kan taga. Akawu yana tsaye a tsakiyar ɗakin da farar riga, ya tattare hannuwansa a jiki kada ya goga wani abu.

Muka gaisa. Yana duba wayarsa, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Baffa, ko kai kana da buƙatarsa?"

Haka ya faɗe ta, kamar mai tayin ragowar abinci.

"Ni?" na ce. "Ina zan kai wannan dutsen? Rumfar tawa ni kaina da kyar take ɗaukata."

Ya ɗago ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To." Na jira ya sake tambaya, ya ɗan matsa, ya ce haba Baffa, wa ya fi ka cancanta. Bai sake ba. Yaran ofis haka suke, tambaya ɗaya amsa ɗaya, a rufe fayil. Wayarsa ta yi ƙara, ya ce mai sayen ya ɓata hanya, bari ya fita bakin titi ya taro shi.

Ya bar ni ni kaɗai da injin.

Akwai wani abu a jikin injin nan da mutum biyu kawai suka sani, ɗaya kuma yana kabari. Shekaru da yawa da suka wuce sandar ta fara sakin jiki a mazauninta, tsinke ya riƙa rawa. Da wani ne da sai ya yar da shi. Yaya ya yi kwana biyu yana zagaya shi, sannan ya huda gefen kan injin ya saka wani ɗan sukuru mai bakin tagulla, wanda ke dafe sandar daga gefe. In ka ɗaure shi daidai, tsinke zai sauka a miƙe ko gezau. In ka sassauta shi rabin juyi, shi ke nan, rawa ta dawo. Sukurun yana can ta ɓangaren bango, baƙin giris ya rufe shi, wanda bai san da shi ba ba zai neme shi ba.

Na ɗauko sukundireba a bango na ba shi rabin juyi. Na lakato giris da yatsa na shafe wurin, na mayar da sukundireban kan ƙusarsa.

Lissafina mai sauƙi ne, kuma a lokacin har daɗinsa na ji. Duk wanda ya zo ya gwada zai ga inji ya lalace ya tafi. Ƙarshen wata ya ƙarato, 'yan haya na bakin ƙofa, sai a ce Baffa don Allah taimaka ka ɗauke mana wannan abu. Ni kuma in ɗan ja aji, in ɗauka a matsayin alfarma na yi musu. Ban roƙi kowa ba, ba wanda ya yi mini kyauta.

Akawu ya dawo da wani mutum gajere mai faɗin kafaɗa, sa'ana ko ya ɗan girme ni. Kekunan guragu yake ƙerawa, irin waɗanda ake tuƙawa da hannu, a bayan gidansa. Kallo ɗaya na yi wa hannunsa na san ba ɗan kallo ba ne: farcen babban yatsansa baƙi ne, kuma da tsinkensa ya zo a aljihu, da guntun ƙarfen da zai gwada. Bai yi maganar kuɗi ba. Ya tsaya gaban injin ya shafa kansa da tafin hannu, ya duba bel, ya ja hannun sama da ƙasa yana saurare.

"Irin wannan na koyi aiki a kai," in ji shi. "Shekara biyu ina nema. Aikina rami ne, maigida. In ramin gatari ya karkace, keke ya riƙa jan mutum gefe, shi kuma ba ƙafar da zai tare da ita."

Ya ɗaura tsinkensa ya kunna. Ƙarar ta cika ɗakin, wannan ƙarar da na sani tun ina yaro, har na ga matar Yaya ta leƙo ta taga ta koma. Ya sauke tsinken. Kafin ya taɓa ƙarfen ma ana ganin bakinsa yana lilo. Ya ci gaba dai ya huda, ya kashe, ya ɗaga ƙarfen a hasken taga. Ramin ya fi tsinken faɗi, bakinsa a yage.

Ya kama sandar ya girgiza ta, ta amsa masa ƙwas-ƙwas. Ya sa hannu yana laluben kan injin, yatsunsa suka wuce ta kan giris ɗin nan. Bai ji komai ba. Ya goge hannu ya juyo gare ni.

"Maigida, an ce kai ka yi aiki da shi. Faɗa mini tsakani da Allah, yana gyaruwa? In ƙaramin abu ne zan ɗauka a haka, ba zan rage ko kaɗan ba."

"Ya gama," na ce. "Cikin ne ya cinye. Shekarun nan na ƙarshe marigayin ma lallaɓa shi kawai yake yi."

Na yi wa Yaya ƙarya a cikin ɗakinsa, mutumin da bai taɓa barin aiki ya fita daga hannunsa a karkace ba. Bakina bai ko yi rawa ba, wannan shi ya fi ba ni tsoro daga baya.

Mai kekunan ya jinjina kai. "Allah sarki. Na gode da ba ka rufe ni ba, ba kowa zai faɗa ba." Ya kwance tsinkensa, ya sake shafa kan injin, ya yi mana sallama.

Kunya ta kama Akawu. "Wallahi ban sani ba, Baffa. Da ba ka nan da na cuci bawan Allah." Nan take ya ciro waya ya gyara rubutun da ke ƙarƙashin hoton. Ya karanta mini: tsohon inji ne, ba ya aiki daidai, ba ya gyaruwa. Ya rage kuɗin sosai. Na ce masa hakan ya yi, gaskiya ta fi.

Na koma rumfa da ƙarfina. Washegari na fitar da tarkacen da ke kusurwar dama, na sayo katako mai kauri na haɗa teburi. Ramukan noti huɗun ma na huda su, ban auna ba, don tazararsu tana cikin kaina. Maƙwabcina mai faci ya tambaye ni me za a ɗora, na ce masa ya jira ya gani.

Ranar Laraba Akawu ya sake kira. Ya ce in zo da kayan aikina. Na ɗauka lokaci ya yi, har na yi magana da mai a-kori-kura ya zauna cikin shiri.

Da na isa na tarar da wata farar mota a ƙofar gida. A ɗakin aiki kuwa wata matashiya ce tsaye, da mai gyaran wutar da ta zo da shi, tana ɗaukar injin hoto ta kowane gefe. Ta gaishe ni da ladabi, har da rusunawa, ba abin da zan ce ta yi mini. Gidan abinci za ta buɗe, in ji ta, kuma da tsofaffin kayan sana'a take ƙawata shi. Ta riga ta samu keken ɗinki da dutsen guga na gawayi da wani sikeli. Wannan a kan teburin kanta zai zauna, inda ake biyan kuɗi. Za a sa masa ƙwan fitila a inda tsinke yake, in an ja hannun sai fitilar ta sauko.

"Tun makon jiya na ga hoton, Baba," ta ce da ni. "Na wuce shi, don an rubuta yana aiki. Ba zan iya lalata abin da wani zai ci abinci da shi ba. Da na ga an canza rubutun sai na ce to, wannan rabona ne."

Sukundireba yana nan a bango, taku biyu daga inda nake. Rabin juyi ne kawai. In ɗaure, in kunna, in huda mata ƙarfe a gabanta, da kanta za ta ce ta fasa, ta riga ta faɗa. Amma Akawu yana tsaye a gefena, matar Yaya kuma ta zo ta jingina da ƙyauren ƙofa tana kallo. In na miƙa hannu kai tsaye zuwa wani sukuru da ke ɓoye a cikin giris, inji ya warke a cikin daƙiƙa ɗaya, ba sai an yi wa kowa bayani ba. Za su san wanda ya kwance shi, su san me ya sa, su tuna mai kekunan da abin da na faɗa a kan Yaya. Matar Yaya ta san ni tun ban fara aske gemu ba.

Na yi gyaran murya na ce, "Da an ɗan ƙara masa lokaci. Wataƙila a samu wanda zai iya duba shi."

"Baffa, kai da kanka ka ce ya gama," in ji Akawu. "In kai ba ka iya ba, wa zai iya a garin nan?"

Da girmamawa ya faɗa, har yana kallon matashiyar don ta san wane ne baffansa. Suka gama cinikinsu, ta tura masa kuɗin ta waya, ya ce ya gani.

Sai mai gyaran wutar ya ce akwai sauran aiki. Moton ba su da buƙatarsa, nauyi ne kawai. Sandar kuma dole ta fita, don ta mazauninta wayar fitila za ta bi. Abin da ya sa aka ce in zo da kayan aiki ke nan. Na kwance moton, na cire bel na rataye shi a ƙusa, ban san don me ba. Da na zo kan sandar, notin da ke samanta ya ƙi motsi, shekara da shekaru ba a taɓa shi ba. Na zuba mai na ce a ba shi zuwa gobe zai saki.

Matashiyar ta duba agogo ta ce jibi za a buɗe, kuma motar haya ce. Mai gyaran wutar ya ce ai ba wani abu ba ne, a yanke kawai, tunda ba amfani za ta sake yi ba. Ya ciro giranda, injin yanka ƙarfe, daga jakarsa ya jona. Na ga yadda ya riƙe ta, a karkace, zai ci gefen kan injin ya bar masa tabo.

"Kawo," na ce.

Ni na yanke ta. Ƙarfen zamanin da ne, bai ba da kai da wuri ba, tartsatsi ya yi ta zuba a kan teburin Yaya har sai da Akawu ya ja da baya saboda rigarsa. Da ta rabu biyu na zaro ta daga ƙasa. Mai gyaran wutar ya karɓa ya juya ta a hannu ya ce, "Kai, ƙarfen zamanin da daban ne. Dubi jikinta, sumul kamar jiya aka yi ta." Ya jefa ta cikin kwandon tarkace.

Mu uku muka ɗaga abin da ya rage muka kai mota. Ya yi sauƙi yanzu. Matashiyar ta shimfiɗa masa bargo kada ya ƙuje, ta yi mini godiya, ta ce in na zo wucewa in shigo in gan shi, shayin farko kyauta ne.

Da motar ta tafi na koma tsakar gida wurin famfo. Matar Yaya ta kawo mini sabulu, ta tsaya riƙe da tawul tana jira in gama.

"Ka sha wahala, Auta," ta ce. "Ka san tun farko ni cewa na yi a ɗauka a kai maka rumfa, ba sai an tambaye ka ba. Yaron nan ne ya ce a'a. Ya ce Baffa mutum ne mai gudun raini, kada ya ga kamar mun rasa inda za mu zubar da tarkace ne muka jibga masa. A bari ya zo ya gan shi tukuna, in ya nuna yana so ko da ido ne, duk wanda ya zo saye a ba shi haƙuri. Don haka ya kira ka, ba don ciniki ba."

Na ci gaba da cuɗa hannuna, ban ɗago ba.

"Ko da ka ce ba ka da wuri, na ce masa rabu da shi, kawaici ne, na san halin gidanku. Ranar Lahadi za mu sa a mota mu kai masa, ya yi faɗansa ya gama. Har mai motar mun yi magana da shi. Sai kuma ga abin da ya fito a gaban mutumin nan." Ta sauke ajiyar zuciya. "Ka ga da mun kwashi mataccen inji mun kai maka da sunan kyauta, ina za mu sa fuskarmu? Gara da ka faɗa mana gaskiya."

Ta miƙo mini tawul ɗin.

"Haka ne," na ce.